Sabon babur ba ya cajin batir kuma garanti bai ƙare ba: me za a gwada kafin a mayar wa dila?

Dan_Kurna150
Assalamu alaikum masu sana'a. Babur ne 150cc mai sitata da kik, wata biyu da kwana goma da fitowa daga shago, ya yi kilomita 2,800. Batirinsa 12V 5Ah. Da safe in an danna sitata sai ƙas-ƙas kawai, hon ya shaƙe, sigina ta kama ta tsaya cak ba ta ƙiftawa. Da kik yana tashi bugu ɗaya, fitilar gaba kuma tana haske sosai in an ja totur. Dila ya sa sabon batir, kwana tara aka koma gidan jiya. Tambayata biyu ce. Wane gwaji mutum zai iya yi da kansa ba tare da ya ɓata garanti ba? Sannan tunda fitila na haske, ba shi ke nan kwayil, wato naɗin wayar da ke samar da wuta a cikin inji, lafiya take ba?

Usta_Wayarin
Wa alaikumus salam. Bari in fara da ta biyun. Hasken fitila ba shaida ba ne. A ƙananan babura da yawa fitilar gaba ba daga batir take shan wuta ba, kai tsaye take sha daga kwayil. Shi ya sa take dushewa a silo, wato inji na aiki ba a ja totur ba, ta ƙara haske in ka ja totur. Wayar fitila daban, wayar caji daban, sai ɗaya ta mutu ɗayar tana aiki. Haka ma tashi da kik: in CDI ɗin, wato akwatin da ke sarrafa wutar fulogi, mai shan wuta daga tasa kwayil ne, babur zai tashi ko da babu batir a jikinsa sam.

Ta farkon kuma, duk gwajin da za a yi a kan kawunan batir ba ya taɓa garanti, don ba ka kwance komai ba. Nemi mitar auna wuta, ka juya ta kan DC 20. Amma kafin komai a cire batirin a yi masa caji a waje ya cika, da 0.5A, wato kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa, awa biyar zuwa goma. A bar shi ya huta awa ɗaya ko biyu sannan a auna. Lafiyayye zai nuna 12.6V zuwa 12.8V. In ya nuna 12.2 rabi ne a cikinsa, in ya gaza 12.0 fanko ne. Daga nan a mayar da shi, mita na kansa, a danna sitata: kada ya sauka ƙasa da 9.6 zuwa 10. In ya faɗi zuwa 7 ko 6, batirin ya mutu ko da ya nuna 12.7 a zaune. Bayan inji ya tashi a duba a silo, sannan a ja totur zuwa wajen juyi 4,000 ko 5,000 a riƙe. Nan ake son ganin 13.5 zuwa 14.5. Ƙasa da 13, caji ba ya isa. Sama da 15, rektifaya, wato na'urar da ke daidaita wutar kwayil kafin ta shiga batir, na dafa batir. A sake yin gwajin fitila a kunne, an taka birki. Rubuta lambobin duka ka kawo mana.

Bakanike_SG
Rektifaya ce. Irin waɗannan baburan ita ce ke fara mutuwa. Ya je su canza masa kawai.

Injiniya_ZR
Oga Bakanike, a yi haƙuri, ai irin wannan hukuncin ne ya sa aka canza batirin da bai yi laifi ba. Abu huɗu ne a layin: kwayil da maganaɗisun da ke juyawa a kanta, rektifaya, wayoyi da soket da fis, sai batir. Akwai na biyar, wato abin da ke satar wuta bayan an kashe makulli. Dukkansu alama ɗaya suke bayarwa, batir ya wayi gari babu wuta. Ba a gane mai laifi a cikinsu sai da awo.

Ƙari a kan maganar Usta: ƙaramar mita in batirinta na 9V ya yi sanyi, lambar da take nunawa tana haurawa sama da gaskiya. A gwada ta a kan batirin da aka tabbatar da shi tukuna. In kuma lambobi suna tsalle-tsalle inji na aiki, a janye wayoyin mitar nesa da wayar fulogi.

Mai_Sabis_Dila
Daga ɓangaren masu karɓar aikin garanti, ga inda iyakar take. Auna batir, buɗe murfin gefe, duba fis, zare soket ka mayar, babu wanda zai ce ka ɓata garanti da waɗannan. Abin da ke kashe shi: yanke waya, feƙe waya a ɗaura wata, huda rigar waya da allura don awo, buɗe murfin magneto, wato faifan maganaɗisun da ke juyawa a kan kwayil, sa rektifayar kasuwa ko da ta gwaji ce aka bar ta a jiki, da naɗe fis da waya ko takardar sigari. Makaniken garanti da ya ga salatif a kan wayarin da kamfani bai sa ba, hoto zai fara ɗauka, kuma wannan hoton ne zai raka takardar neman canji.

Sai littafin sabis. Kamfanoni suna ɗaura garanti a kan zuwa sabis a lokacin da littafin ya faɗa, da hatimin wurin da aka amince da shi. Dan_Kurna, duba naka: an buga hatimin sabis na farko? In akwai, ka riƙe shi tare da rasit mai lambar shasi da lambar inji, da takardar ranar da aka canza batirin.

Almajirin_Gareji
Malamai, mu a garejinmu in ana son sanin ko babur na caji, cire kan batir ake yi inji na aiki. In ya mutu a ce ba ya caji. Wannan ba gwaji ba ne?

Usta_Wayarin
Yaro, bar wannan ɗabi'ar daga yau. Batir shi ke shanye hawa da saukar wuta a layin. Da ka cire shi inji na gudu, wutar na iya tsalle ta ƙona rektifaya, ko CDI mai shan wutar batir, ko kwayayen fitila. A babur mai garanti, kai da hannunka ka haifar da lalacewar da za a ƙi biya. Kuma gwajin ma ba ya nuna komai, tunda na faɗa a sama cewa wani babur zai ci gaba da aiki ko caji ya mutu murus.

Hajiya_Sifaya
Ku dubi batirin ma da kyau. Sabon batir mai ruwa ba a zuba masa asid a ɗaura nan take. Ana zubawa a bar shi minti talatin zuwa awa ɗaya faranti su sha, a yi masa cajin farko, sannan a sa. Wanda aka ɗaura da gaggawa bai taɓa cika ba tun ranar farko, in ya haɗu da babur mai raunin caji ba zai kai ko'ina ba. In ruwa ya ragu kuma, ruwan batir tatacce ake ƙarawa, ba asid ba, ba ruwan leda ba. A zafin Afrilu da Mayu a riƙa leƙa layin ruwan duk mako biyu. Batirin da ke shanye ruwa da sauri, ko ya kumbura, ko yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, wannan caji ne ya yi masa yawa, ba ƙaranci ba.

Dan_Kurna150
Na gode ƙwarai. Ga abin da aka samu. Bayan caji da hutawa 12.7. Da sitata ya sauka 10.5. A silo 12.6. An ja totur an riƙe, 12.9, bai wuce nan ba. Da birki da sigina 12.4. Hatimin sabis na farko yana nan. Ban ƙara komai a babur ɗin ba, sai na'urar bin sawu da dila ya sa da kansa saboda biya ake yi kaɗan-kaɗan.

Injiniya_ZR
To batir ya fita daga zargi, 10.5 da sitata lafiya ne. Caji yana zuwa amma bai isa ba. Saura a gano inda yake maƙalewa. Kada ka yi saurin zuwa kwayil, akwai awo mai sauƙi kafin nan. Nemo soket ɗin rektifaya, ka bar shi a haɗe. Ka zura tsinken mita ta bayan soket, inda waya ke shiga, ja a kan jar waya, baƙi a kan koriya. Ja totur kamar ɗazu. In nan ma 12.9 ne, matsalar tana rektifaya ko kwayil. In nan ya nuna 14 da wani abu alhali batir na nuna 12.9, to wutar na fita amma tana zubewa a hanya.

Don gane wace hanya ce, sa tsinke ɗaya a jar wayar rektifaya, ɗayan a kan batir mai alamar tarawa, inji na gudu. Abin da mita ta nuna shi ne asarar da ake yi a wannan layin, bai kamata ya wuce 0.2 ko 0.3 ba. Sai ka yi haka tsakanin koriyar waya da kan batir mai alamar ɗebewa. A sabon babur wurin da aka fi samun wannan shi ne gidan fis mai sako-sako, da inda aka ɗaure wayar jiki a kan fenti ba a kankare ba. Wannan na biyun laifin haɗawa ne tsantsa, domin babura da yawa a kwali suke zuwa, a nan gida ake haɗa su.

Bakanike_SG
Na yarda da awon, amma ina nan a kan bakata. Rektifayar da diyod ɗaya, wato abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, ya mutu a cikinta daidai irin wannan lambar take bayarwa, sha biyu da ɗigo tara, ba ta mutu ba ba ta yi rai ba. Gwajinta ba wuya. A zare soket, a juya mita kan alamar diyod. Baƙin tsinke a kan ƙafar jar waya, jan tsinke a kan kowace ƙafar rawaya: za a ga 0.4 zuwa 0.7. A juya tsinkayen, kada ta nuna komai. Wadda ta nuna sifili ta kowane ɓangare ta haɗe, wadda ta ƙi nuna komai ta kowane ɓangare ta tsinke.

Usta_Wayarin
Gwajin daidai ne Oga, amma da sharaɗi biyu. Na ɗaya, diyod kawai yake dubawa. Ɓangaren da ke tsayar da wuta a 14 ba ya ganuwa da wannan gwajin, sai rektifaya ta ci jarrabawar mita amma tana tura 16 cikin batir. Na biyu, ƙananan masu ƙafa huɗu da wasu na zamani ba sa ba da lambobin nan ko suna lafiya, saboda yadda aka gina cikinsu. Shi ya sa a ƙa'ida rektifaya ita ake yanke wa hukunci a ƙarshe: in wuta mai kyau na shiga daga kwayil, wayoyi lafiya, amma abin da ke fita bai kai ba, to ita ce.

Kwayil kuwa sai an san irinta. Mai rawayen wayoyi uku, wadda ake samu a manyan babura da wasu sababbin ƙanana, ana zare soket, a juya mita kan om, a auna tsakanin kowace biyu, awo uku ke nan. Yawanci ƙasa da om ɗaya ne, kuma dole ukun su zo daidai da juna. Ka fara haɗa tsinkayen mitar da juna ka ga abin da suke nunawa, sau da yawa 0.2 zuwa 0.5, ka ɗebe shi daga awon. Sannan kowace rawaya zuwa jikin inji: kada a samu haɗi ko kaɗan. Sai a juya mita kan AC 200, a tada inji soket a zare, a auna biyu-biyu. Wajen 20 a silo, 50 zuwa 70 in an ja totur sosai. Ainihin lambar tana littafin gyaran babur ɗin, amma abin lura shi ne ukun su tafi tare. In biyu na ba da 60 ɗaya na ba da 25, kwayil ta ƙone a gefe ɗaya.

Ƙananan da suka bi tsarin launin Honda kuwa, rawaya ta fitila ce, fara ta caji, baƙa mai ratsin ja ta CDI, shuɗiya mai ratsi ta falsa mai gaya wa CDI lokacin ba da wuta, koriya ta jiki. A irin wannan, ƙarshen naɗin a jikin inji aka ɗaure shi tun daga kamfani, don haka samun haɗi da jiki ba laifi ba ne. Masu wayarin da yawa sun yar da lafiyayyar kwayil saboda sun yi mata gwajin mai waya uku.

Kabukabu_Maradi
Ku ƙara da cewa a yi awon sau biyu, da sanyi da kuma bayan tafiyar minti ashirin. Akwai kwayil da fentin wayarta ya fara cinyewa, da safe lafiya lau, inji na ɗaukar zafi sai ta haɗe da jiki caji ya faɗi. Irinta ce ake kai wa dila ya auna a inuwa ya ce babu komai. A je wurinsu inji da zafi, a ce su auna nan take.

Wata magana kuma ga masu sayen moto a ƙetaren iyaka: garanti yawanci yana bin wanda ya shigo da kayan ƙasar ne. Wanda aka saya a Kano aka kawo Maraɗi, ko aka saya nan aka kai Katsina, a tambaya tun wurin saye ko takardar za ta yi aiki a can.

Mai_Lissafi
Kowa ya tsallake na'urar bin sawun nan. Ita ba ta barci, makulli a kashe ma tana sha. A kashe makulli, a cire wayar batir ta ɗebewa, a sa mita a tsakani, a fara daga 10A sannan a sauko mA, wato kashi ɗaya cikin dubu na A. Kada a kuskura a danna sitata mita na tsakani, fis ɗinta zai tashi nan take. Babur irin wannan da babu ƙari a jikinsa bai kamata ya sha fiye da 1mA ba. In na'urar na shan 20mA, a yini ɗaya 0.48Ah ke nan. Batir 5Ah zai kai rabi cikin kwana biyar, ya ƙare cikin goma. Ku dubi kwana taran da Dan_Kurna ya faɗa.

Injiniya_ZR
Lissafin ya fita, amma na babur ɗin da aka jingine ne ba a hawa. Wanda ya yi kilomita 2,800 a wata biyu kullum yana kan hanya. In caji lafiya yake, ko 1A kawai ke shiga batir, rabin awa ta isa ta mayar da abin da na'urar ta sha a yini. Kuma na'urar ba za ta hana mita nuna 14 inji na gudu ba. Tana ƙara wa Borno dawaki dai, amma ba ita ce tushen ba. Abin da ya fi damuna da ita shi ne inda aka jona ta. In a gidan fis ko a jar wayar caji aka feƙe aka murɗa da hannu, to wurin ne zai yi sako-sako ya ɗauki zafi.

Mai_Sabis_Dila
Wannan batu ne mai muhimmanci a wajen garanti. Kamfanin da ya ƙera babur zai iya cewa an taɓa wayarin, ba ruwansa. Amma tunda mai sayarwa ne ya sa na'urar kafin ya miƙa babur, nauyin ya koma kansa, ba kan mai saye ba. Dan_Kurna, kada ka cire ta, kada ka kwance salatif ɗin. Ɗauki hotonta yadda take. In takardar yarjejeniyar biya ta ambaci na'urar, ita ce hujjarka.

Ga yadda aikin yake tafiya a ciki, don ku san abin da za ku nema. Ana buɗe katin aiki mai lambar shasi, lambar inji, kilomita, ranar saye da koken mai babur da bakinsa. Makanike ya rubuta awon da ya samu, a ɗauki hoton kayan da ya lalace, a ɗaura masa alama a ajiye ko a tura wa kamfani. Sai kamfani ya amince ake mayar wa dila kuɗin kaya da na aiki. Shi ya sa wasu ke gudun buɗe kati, su sa batir su sallame ka, ya fi musu sauƙi. Ka nace a buɗe kati kowane zuwa, a ba ka kwafi ko ka ɗauki hotonsa. Koken da aka rubuta kafin garanti ya ƙare yana nan da ƙarfinsa ko gyaran ya ja lokaci. Wanda aka yi da baki kuwa ya bi iska. Ka kuma karanta littafinka, sau da yawa batir yana da nasa wa'adin da ya fi na babur gajarta, fis da kwan fitila kuma ba sa ciki sam.

Mai_Bin_Hakki
Ban da littafin kamfani akwai doka. A Najeriya dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta ba mai saye damar mayar da kayan da suka gaza inganci cikin wata uku da karɓa, mai sayarwa ya gyara, ko ya canza, ko ya mayar da kuɗi. Babur ɗin nan wata biyu da kwana goma, lokaci na ƙurewa. A rubuta koke a takarda mai kwanan wata, a sa su sa hannu a kwafi.

Bakanike_SG
Doka tana nan, amma mai achaba da ke biyan balas kullum ba zai iya ajiye babur mako biyu a wurin dila yana jiran amsa ba. Shi ya sa mutane ke zuwa gareji a yi musu na awa ɗaya su hau hanya. Wannan ma gaskiya ce da ya kamata a faɗa.

Hajiya_Sifaya
Gaskiya ne, amma a san abin da ake sayarwa da wannan awa ɗayar. Garantin ba na caji kaɗai ba ne, har da inji. Kuma rektifayar kasuwa tana da tarko: masu ƙafa huɗu iri biyu ne, soket ɗaya, kamanni ɗaya, cikinsu daban. Ɗaya ta kwayil mai ɗaure da jiki ce, ɗaya ta wadda ba ta taɓa jiki ba. Aka sa ba daidai ba, ko caji ya ƙi, ko kwayayen fitila su riƙa ƙonewa, ko kwayil ta yi zafi. A saya da lambar da ke jikin tsohuwar, ba da ido ba. Mai waya biyar kuma, baƙar wayar ita ke gaya wa rektifaya yawan wutar da ke layin bayan makulli. In makulli ya yi datti wuta na raguwa a nan, sai rektifaya ta ɗauka batir bai cika ba ta yi ta turawa har ta dafa shi. Ana iya canza rektifaya uku a banza alhali makulli ne.

Almajirin_Gareji
To me ke kashe rektifaya a sabon babur tun farko? Kuma da gaske ne fitilar LED na rage mata wahala?

Injiniya_ZR
Zafi ne babban makashinta. Maganaɗisun magneto na dindindin ne, ba a iya rage ƙarfinsa, don haka kwayil na ba da wuta gwargwadon juyin inji ko ana buƙata ko ba a buƙata. Yawancin rektifayoyi rarar suke karkatarwa ta koma, wannan kuma zafi ne a jikinsu da jikin kwayil. Saboda haka sa LED ba ya hutar da irin wannan, rarar ma ƙaruwa take yi. Akwai wani iri, kamar SH775 na kamfanin Shindengen na Japan, wanda ke katse layin kwayil in batir ya cika, shi ne ke sa kwayil ta huta. Amma wannan gyaran bayan garanti ne, kuma na masu waya uku.

Sauran masu kashe ta: laka da ƙura su toshe haƙarƙarinta iska ta daina ratsawa, noti ya kwance ta daina manne da ƙarfe, juya kan batir ko na daƙiƙa ɗaya, jona babur da motar da injinta ke aiki, da yin walda a jikin babur ba a cire batir da soket ɗinta ba. Masu ƙara kariya da wurin ɗaura kaya su kula da wannan na ƙarshen. Akwai kuma laifin masana'anta na gaske. A 2011 Suzuki ta kira babura sama da 70,000 a Amurka, ƙirar 2008 zuwa 2010, don canza rektifaya. Ke nan ba kowace lalacewa ce laifin mai hawa ba.

Dan_Kurna150
An yi awon Injiniya. A bayan soket ɗin rektifaya 14.2, a kan batir 12.9. Tsakanin jar waya da batir 1.1, ta ɓangaren koriya 0.2. Gidan fis yana da zafi in an taɓa, robarsa ta fara canza launi, kuma wayar na'urar a nan kusa aka jona ta. Makulli a kashe ana shan 17mA. Ban kwance komai ba, na ɗauki hoto.

Usta_Wayarin
Madalla. Asarar 1.1 a layi ɗaya ta yi yawa, ga zafi kuma ya nuna wurin. Gyaran da ya dace a hannun dila: a cire kan batir na ɗebewa tukuna, a canza gidan fis gaba ɗaya, ba a matse shi da filaya ba, domin ƙarfen da ya taɓa yin zafi ya rasa ƙarfin kamu, zai sake saki. A sa fis mai lambar da littafi ya faɗa, kada a ƙara masa girma. A yanke wayar har inda jan ƙarfen yake da haske, wanda ya yi baƙi ba ya kama dalma. In zafin ya bi cikin damin wayoyi, a nemi a canza wayarin ɗin dungurungum, garanti ne. Na'urar a ba ta nata layin da nata ƙaramin fis daga batir. Kafin ka karɓi babur, a auna a gabanka: 13.5 zuwa 14.5 a kan batir, fitila a kunne, inji da zafi, a rubuta a kati.

Bakanike_SG
To ba rektifaya ba ce a yau, na karɓa. Amma ta yi wata biyu tana aiki da layi mai sako-sako, kusan kamar ana cire mata batir ana mayarwa ne. A sa su rubuta a kati cewa an duba ta, don in ta mutu bayan wata ɗaya a san daga ina abin ya faro. Batirin ma ya sha faɗuwa ƙasa sau da yawa, ba lallai ya koma yadda yake ba.

Kabukabu_Maradi
Kuma a duba kwayil da zafi duk da haka. In har ta kai ga canza ta, kada a yarda da naɗi a babur mai garanti, sabuwa za a sa. A irin injin da kwayil ke cikin baƙin mai, a zubar da man a sa sabo don ƙonannen fenti na ciki, a sa sabon gasket, a shafa gam a robar da wayoyi ke fitowa, a ɗaure kusoshin kwayil da maganin hana kwancewa. In za a cire magneto, da abin zarewa na musamman ake yi, ba da guduma ba. Duka yana fasa maganaɗisu ko ya rage masa ƙarfi, sai a sa sabuwar kwayil caji ya ƙi kaiwa.

Mai_Lissafi
Ni har yanzu 17mA ɗin nan bai kwanta mini ba. Ko an gyara fis, ranar da aka ajiye babur mako guda, batir 5Ah zai sauka ƙasa da rabi: 17 sau 24 sau 7, kusan 2.9Ah. Wa zai biya batirin a lokacin?

Mai_Sabis_Dila
Wannan sai an duba takardar yarjejeniyar na'urar, ba littafin garantin babur ba. Wasu na'urorin ana iya saita su su rage aika saƙo in babur na tsaye, shan wutar ya ragu. Dan_Kurna ya tambayi wanda ya sa ta ko tasa na da wannan saitin, a rubuta amsar a katin aikin tare da 17mA ɗin da ya auna.